Butar La'asar: Yadda Za a Haɗa wa Dattijo Shayi da Abin Yi Bayan Ya Ajiye Aiki

Shekarar da mahaifina ya ajiye aiki, mu 'ya'yansa muka yi masa abin da a ganinmu shi ne gata. Muka sayo kujera mai laushi, muka kafa masa talabijin a ɗaki, muka hana shi taɓa komai. Ko tsintsiya ya ɗauka sai wani ya zabura: "Haba Baba, kawo nan, ai kai yanzu sai hutu." Ba a yi wata shida ba, mutumin da ya shekara 35 yana fita tun bakwai na safe ya daina tambayar yau wace rana ce, in ba Juma'a ba. Da rana barci, da dare ido biyu. Abinci kuwa sai an yi da gaske. Muka kai shi asibiti, aka auna jini, aka auna suga, likita ya ce babu abin ɗaga hankali. Sai ya juyo ya tambaye mu: "Me yake yi da wuninsa?" Muka yi tsuru-tsuru.

Abin da ya dawo mana da shi, bayan ikon Allah, buta ce da allura. Yadda muka bi har muka kai ga haka, da inda muka yi tuntuɓe, shi zan shimfiɗa a nan, don mai tsoho a gida da kuma dattijon da yake son ya yi wa kansa.

Wannan matsala ta fi cizo a Kaduna, kuma da dalili. Garin ma'aikata ne. Jirgin ƙasa, soja, ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa da masaƙun Kakuri su suka tara iyayenmu daga Katsina, Sakkwato, Bida, Borno da sauran wurare. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002, masaƙar UNTL, wato United Nigerian Textiles, ta bi baya a 2007. Tsohon da ke ƙauye yana da gona, yana da dandali, yana da sa'o'insa da suka yi wasan ƙasa tare. Tsohon Tudun Wada ko Unguwar Shanu kuwa, yawanci abokansa na wurin aiki ne, agogonsa ma na wurin aiki ne. Ranar da aka ce ya cika shekara 60, duka biyun ake karɓewa a tare. Fansho, in ma ya zo, ba ya mayar da ko ɗaya.

Shayi a nan ba magani ba ne, kada wani ya ce na ce. Amfaninsa shi ne yana kafa wa wuni turke: lokaci guda da ake jira, da wurin zama, da dalilin da zai sa wani ya leƙo. Aikin hannu kuma shi ne abin da ke hana zaman ya koma na kashe wando.

A fara da tsayar da lokaci

Kafin a sayi komai, a zaɓi lokaci ɗaya a riƙe shi kullum. Mu bayan La'asar muka ɗauka, kuma har gobe shi nake ba kowa shawara. Rana ta yi sanyi, akwai sauran hasken da ido zai ga aiki, yara sun dawo daga boko, sannan kiran Magariba yana tashin zaman ba sai an kori kowa ba. Awa ɗaya da rabi ke nan zuwa biyu, ya kuma isa. Shayin safe da burodi karin kumallo ne, wannan daban.

Akwai wani dalilin kuma. Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin kafeyin, mai wartsake mutum ya kore masa barci. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana da miligiram 40 zuwa 50, wajen rabin abin da ke cikin kofin gahawa. Bayan kamar awa biyar, rabinsa yana nan a jiki bai fita ba. Wanda ya sha mai kauri bayan Isha'i, ya kuma ɗora da goro, wanda shi ma kafeyin ɗin ne a cikinsa, kada ya yi mamaki in ƙarfe biyu na dare ta same shi yana ƙirga azara. Ga tashi fitsari, ga laluben bango cikin duhu, wanda ta nan tsofaffi da yawa ke faɗuwa su karye. Shayin ganye ya tsaya a La'asar.

Wuri kuma ba sai an wahala ba: zaure, ƙofar gida, gindin mangwaro ko darbejiya, ko baranda ga Hajiya da ba ta son zaman waje. Abin dubawa uku ne. Haske ya faɗo a kan hannu, ba a cikin ido ba. Kujera ta zama mai majingina da hannuwa, wadda in an zauna ƙafa ke taka ƙasa. Kujerar nan mai laushi da muka saya ita ta fi komai cutar Baba, don in ya nutse a ciki sai an kama shi ya tashi. Na uku, wuta ta yi nesa da hanyar jikoki. In da gawayi ake dafawa, a waje za a hura shi. Lokacin hunturu mutane kan ja kurfoti cikin ɗaki su rufe ƙofa da taga, alhali gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum yana zaune yana jin kamar gyangyaɗi ne. Wannan ba abin wasa ba ne.

Haɗa shayin

Ga yadda muke yi na mutum huɗu. A zuba ruwa kofi biyar a buta, don ɗaya zai tafi a tururi. A daddaƙa citta kamar girman babban yatsa, ɗanya ko busasshiya, a jefa da kanumfari huɗu ko biyar da ɗan ɓallin kirfa. A bar su su tafasa minti bakwai zuwa goma, har ƙamshi ya kai zaure. Sai a sauke butar, sannan a saka ganyen shayi, ƙaramin cokali uku in na warwatse ne, ko jaka biyu in irin su Lipton ne. A rufe, a ba shi minti uku zuwa huɗu, a tace. In akwai na'a-na'a, a wannan rufewar ake saka ta, don in ta tafasa ƙamshinta guduwa yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ganyen yana ta tafasa a kan wuta, wai don ya yi ƙarfi. Abin da ke fitowa bayan minti biyar ɗin farko yawanci bauri ne da ɗaci, shi kuma ke sa a yi ta loda sukari don a danne shi. Teburin mai shayi yana da dalilinsa na barin tukunya a wuta tun asuba. Gida ba shi da wannan dalilin.

Kayan ƙamshin a saye su yadda suke, ba niƙaƙƙu ba, a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kaɗan-kaɗan, a adana a kwalba mai murfi. Garin da aka niƙa aka ƙulla a leda ba ka san me aka cakuɗa a ciki ba. Ganyen kuwa, muna da namu na gida: Highland, wanda ake nomawa a Kakara, can kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda sanyi da tsawon ƙasa suka dace da itacen shayi. Baba shi yake so, ya ce ko ba komai kuɗinsa bai haye teku ba.

Yanzu ga wurin da ake rigima, wato sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da babba zai sha a wuni kada ya wuce kimanin giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ma da hali ya tsaya a shida. Lissafin ya haɗa da na koko, da na lemon kwalba, da na biskit. Tsohon da ke zuba cokali huɗu a kofi, ya sha sau uku, ya cinye rabonsa tun bai taɓa abinci ba. Kuma zuma da mazarƙwaila ba mafaka ba ne. Ga mai ciwon suga duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Kada a yanke masa rana ɗaya. Mun gwada, ya kurɓa, ya ajiye kofin, ya dube ni ya ce: "Wannan kuma na wane majinyacin ne?" Kwana uku bai zauna ba. Dabarar da ta yi aiki ita ce rage rabin cokali duk bayan mako biyu, a ƙara kirfa da na'a-na'a, waɗanda ke sa harshe ya ji kamar da zaƙi. Cikin wata uku ya sauko daga huɗu zuwa ɗaya da rabi. Na gaya masa daga baya. Ya ce ai tun makon farko ya gane, kallonmu kawai yake yi.

Zafi ma a kula da shi. Mu nan muna ganin shayin da bai ƙona leɓe ba ruwa ne kawai. Amma a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. Ba sai an nemi ma'auni ba: a zuba, a bar shi minti huɗu ko biyar, ko a yi ta juya shi daga kofi zuwa kofi kamar yadda mai shayi ke yi. Kofin ya zama mai mariƙi babba, kada a cika shi fal, musamman ga mai rawar hannu.

Sauran abubuwan lura a taƙaice. Shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi, don haka mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci ko maganin ƙarin jini. Magani da ruwa ake haɗiye shi, ba da shayi ba. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ya tambayi likitansa kafin ya riƙa zuba citta da yawa. Zoɓo mai ɗumi da citta yana da daɗi, ba shi da kafeyin, amma yana ɗan sauke jini, to mai shan maganin hawan jini ya faɗa wa likita yana shansa kullum. Mai gyambon ciki kada ya sha ruwan bunu a kan yunwa, ya ɗan sa madara ya haɗa da abin taɓawa. Shayin Buzaye kuwa, koren ganyen nan na Sin da ake dafawa zagaye uku a 'yar buta har ya yi kumfa, ba shi da na biyu wajen riƙe hira, sai dai zagayen farko ya fi ƙarfin tsoho, ga sukari kamar me. In za a yi, a bar wa samari na farkon, a ba Baba na uku.

Ranar da aka ga barci yana gardama, a dafa kayan ƙamshin zalla ba ganye, a matsa lemon tsami. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro ko da jikinsa na bukatar ruwa, to kofin nan ko ba komai ya shigar masa da ruwa.

Abu na ƙarshe a kan shayin, wanda na fi so a riƙe: in yana iyawa, a bar shi ya haɗa da kansa. Shi zai daka cittar, shi zai ce ya yi ko bai yi ba, shi zai zuba wa baƙo. Mai ba da shayi mai gida ne. Wanda ake miƙa wa kullum kuwa a hankali sai ya fara jin kansa baƙo a gidan da ya gina.

Nemo abin da hannu ya sani

Kada a je kasuwa a sayo kaya a zube masa a ce ga abin yi. Tsoho ba ɗan firamare ba ne. A bari buta ta yi mako biyu tana aikinta, a riƙa jan sa da hira: Baba, kafin ka shiga aikin gwamnati me kake yi? Inna, wa ya koya miki saƙa? Kusan kowane Bahaushen da ya haura sittin akwai wata sana'a da ya taɓa a ƙuruciya, boko ko aure ya raba shi da ita. Wani ya yi ɗinkin hula yana almajiri, wani rubutun allo da zayyana, wata kaɗi da mazari, wata saƙar faifai, wani kiwon tattabaru. Da tsohuwar zuma ake magani. Hannu yana riƙe abin da kai ya manta.

Mu a wajen hira muka ji cewa Baba ya yi ɗinkin hula a Zariya yana saurayi, da shi ma ya sayi kekensa na farko. Mu 'ya'yansa ba wanda ya taɓa sani. Ban ce masa komai ba. Na je wurin masu zanen hula na sa aka zana mini mai sauƙi a farin yadi, na sayi allura da zare kala uku, na zo na zauna kusa da shi ina ta jagwalgwalawa. Bai yi minti goma ba ya ce: "Kai, miƙo nan, za ka ɓata wa mutane yadi." Shi ke nan.

Wannan dabara ta fi roƙo aiki. Dattijo ba ya son a ce ana lallashinsa, amma ba ya iya kallon ana ɓata abin da ya iya.

Ga mai son hular: a fara da zane mai manyan gidaje da kala biyu ko uku, ba irin mai cunkoson nan da ke cin wata da watanni ba. A sayi zaren gaba ɗaya a rana ɗaya, don in ya ƙare aka koma kasuwa sau da yawa kalar ba ta zuwa daidai. Tsawon zaren da za a zura kada ya wuce kamu ɗaya, in ya fi haka sarƙewa yake. A wanke hannu kafin a fara, a ajiye kofin shayi a ɗaya gefen, don tabon shayi a farin yadi ba ya fita da daɗi. In an gama jiki da kai, a kai wa mai haɗawa, daga nan sai mai wankin hula ya wanke ya ɗora ta a itace ta ɗauki siffa. Kayan duka a tara su a gwangwani ɗaya mai murfi, kuma kowa a gidan ya san ba a taɓawa.

Iyayenmu mata sun fi sauƙin sha'ani, don yawancinsu hannunsu bai taɓa zama ba. Matsalarsu ita ce surukai da 'yan aiki sun karɓe komai. Saƙar hular jarirai da safa da zaren ulu tana tafiya da hira, kuma ba a rasa suna a dangi. Faifai da kaba da aka rina yana son yatsa mai ƙarfi, to mai ciwon gaɓɓai ta jiƙa kabar sosai, ta yi kaɗan ta huta. Haɗa turaren wuta da humra ma fasaha ce, sai dai mai asma ko tari ta bar wa wasu gwajin hayaƙin.

Wanda gwiwarsa ke da sauran ƙarfi ya gwada lambun buhu. Buhun siminti ko na shinkafa, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a jera a jikin katanga a kan bulo don kada a yi ta sunkuyo. A fara da na'a-na'a, wadda reshe kawai ake dasawa ta kama, ga shi kuma butar ce za ta ci moriyarta.

In ido ko hannu ya gaza, baki yana nan

Wannan shi ne aikin da nake ganin ya fi kowanne daraja, kuma ba ya cin ko sisi: ɗaukar tarihin tsohon daga bakinsa. A ajiye waya a kan tabarma kusa da shi, a kunna naɗar murya, a yi tambaya ɗaya tak a zama ɗaya. Kada a ce "ba mu tarihinka", zai ce an haife shi, ya yi makaranta, ya yi aiki, ya ƙare cikin minti biyu. A ɗauko rana guda a tambaye shi ina yake. Ranar da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, yaya titin Ahmadu Bello ya kasance? Da aka canja fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, nawa ne albashinsa, nawa ake sayar da mudun gero? Ya je kallon hawan daba na 1977? Waɗanda suka fi manyanta ma a tambaye su zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Wace mota ta kawo shi Kaduna, a gidan wa ya sauka, me ya ci a daren farko? Inna kuma a tambaye ta kayan ɗakinta, da waƙoƙin daɓe da na niƙa, da tatsuniyoyin da kakarta ta yi mata.

Kada a katse shi, kada a yi masa gyara ko da ya haɗa shekaru. In ya yi shiru a ƙyale shi, sau da yawa bayan shirun ne maganar gaske ke fitowa. In ya zo kan abin da ba ya son faɗa, yaƙin basasa ko rasuwar wani, a zuba masa shayi a canja hanya. Da an tashi, a sa wa muryar suna da kwanan wata, a tura wa mutum biyu a dangi, don waya ɓata take, faɗawa ruwa take.

Mai iya rubutu a ba shi littafi mai kauri da biro mai taushi, ya rubuta da boko ko ajami, duk wanda ya fi zauna masa. Shafi ɗaya a rana ya wadatar. A fito da tsofaffin hotuna ya faɗi sunayen mutanen ciki, a rubuta a baya da fensir, don ranar da ba shi, babu mai sanin su. In an ga ya kamu da son abin, a ɗauke shi wata rana a kai shi Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da Jami'ar Ahmadu Bello ta mayar cibiyar adana tarihi, ya ga yadda ake daraja irin takardun da yake ganin tarkace ne. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tattara nazari sama da 3,000 a kan alaƙar fasaha da lafiya, ya kuma samu cewa irin waɗannan ayyuka suna taimakawa wajen rage kaɗaici da damuwa. Mu dai a zaurenmu muka gani kafin mu karanta.

Sau da yawa kuma abin da ake kira ƙiwa ko gajiya ido ne kawai. Daga shekara 40 ganin kusa yake fara raguwa, tsoho kuwa ba zai ce ba ya gani ba, sai dai ya ce abin bai dame shi ba. Mu a Kaduna ba mu da uzuri: Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan garin, haka ma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. A kai shi a auna, maimakon tabaran bakin titi, don a awon ne ake gano yanar ido da hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye. Wanda ya daina shiga hira kuma a duba kunnensa. Wajen aikin, duk bayan minti 20 zuwa 30 ya ɗaga kai ya kalli nesa, ya miƙe ya taka zuwa bakin ƙofa. Mai ciwon suga ya kula da sukar allura, kada kuma a bar allura a kan tabarma inda zai taka, don raunin ƙafarsa ba ya saurin warkewa.

Mutanen zaman

Biyu ko uku sun isa. In suka yi yawa majalisa ce, aiki ya tashi, siyasa ta shigo. A nemo tsofaffin abokan aikinsa. Tun rikicin shekarar 2000 kogi ya raba garin nan, wasu suka koma Barnawa da Sabon Tasha, wasu Rigasa da Kawo, aminan da suka shekara 20 a ofis ɗaya suka daina ganin juna ba tare da sun yi faɗa ba. Mun nemo wa Baba nasa, wani dattijo Kirista da suka yi aiki tare, muka riƙa biyan kuɗin Keke yana zuwa duk Asabar. Ranar farko sun fi minti biyar riƙe da hannun juna suna lissafin waɗanda suka mutu. Su da kansu suka kafa doka: maganar fansho ba ta wuce kofin farko.

Jikoki a ba su aiki na gaske. Mai shekara bakwai ya zura allura, mai goma ya riƙe waya wajen naɗar murya. Wasan jika da kaka shi kansa magani ne; in ka ji tsoho yana cewa "amarya, zo ki zura mini zare, ko kuwa na sake ki", to lafiya ta samu. Gwaggon da ta fita takaba ta koma ɗaki ta rufe kanta, ita ta fi kowa bukatar wannan zama, kuma ba za ta nema ba. A kai butar ƙofar ɗakinta. Mu 'ya'ya kuma, in mun zauna, waya ta shiga aljihu.

Wani lokaci abin zai tsaya. Damina ta kore ku daga gindin bishiya, a koma zaure. Azumi ya zo, a mayar da aikin hannu hantsi, shayin kuma bayan buɗa baki, marar ganye ko mai ruwa-ruwa. Wata rana zai ce ba ya so, a ƙyale shi, amma gobe a sake ɗora butar a kan lokacinta. Sai dai in aka ga mako biyu ko fiye ba ya sha'awar komai, ba ci, ba barci, yana yawan cewa shi kaya ne a kanku, ko ya fara ɓata a hanyar masallacin da ya shekara 30 yana bi, ko ya manta yadda ake haɗa shayin da ya saba, to wannan ya wuce buta. Ciwon damuwa yana da magani, ciwon mantuwa ma akwai abin da ake yi a sassauta shi, kada a ce gigin tsufa ne a zuba ido. A ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne.

Abin da ya gama kuwa, kada a mayar masa da shi kasuwanci sai in shi ya nema. Da an fara cewa "Baba, mai hular nan yana jira", daɗin ya tafi. Kada kuma a bi dare a warware a gyara masa, zai gane. A yi amfani da abin kawai a gabansa: faifan ya rufe kwanon tuwo, safar ta shiga ƙafar jariri.

Hular farko ta ci wa Baba wata biyu da kwana tara. Gidajen gefe ɗaya sun fi na ɗaya gefen girma, akwai kuma ɗan tabon shayi a kusa da kai wanda mai wanki ya yi iya yinsa ya bari. Na sa ta na tafi Juma'a a masallacin Sultan Bello. Da na dawo yana zaure, buta a gabansa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in matso. Ya cire ta daga kaina, ya juya ta a hannu, ya kai ta kusa da tabarau.

"Wannan ba ta yi ba," in ji shi. "Gobe ka biya wajen mai zanen nan, ka ce ya yi mini mai ƙananan gidaje. Kuma ka tambayar mini wanda ya taɓa mini baƙin zare."